Saye a Bakin Na'ura: Auna Ingancin Kundin Bayanin Manhajar Gano Ɓoyayyen Saƙo a Yanayin Arewacin Zamfara

Tsakure

Manhajar da ake ƙerawa domin gano saƙon da wakilan ƙirƙirarriyar basira ke ɓoye wa masu sa musu ido ba ta gane ɓoyayyen saƙo sai ta hanyar kwatanta shi da abin da aka koya mata cewa shi ne magana ta yau da kullum. Wannan maƙala ta dubi kundin bayanin da ke rakiyar irin wannan manhaja, ta auna shi da yanayin harshe da na sadarwa a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ta ɗora nazarin a kan bambancin da Bahaushe ya daɗe da yi tsakanin zaurance da saye. Hujjarta ita ce, kundin da bai faɗi harshe da karin harshe da irin layin sadarwar da aka gwada manhajar a kansu ba, bai kuma faɗi yawan kamun kuskurenta ba, ba shi da inganci komai kyan tsarinsa.

1.0 Gabatarwa

A ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya da su katse layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle. An ce mako biyu za a yi. An maido da layi a Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Dalilin da aka bayar shi ne hana 'yan bindiga magana da junansu da kuma masu kai musu bayanai daga cikin gari. Abin da matakin ya bayyana, ba tare da an faɗa ba, shi ne hukuma ba ta da hanyar da za ta bambance kiran ɗan bindiga da kiran matar da ke neman mota zuwa asibiti. Da ta kasa tsincewa, sai ta kashe duka. Ɗan kasuwar Shinkafi da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da mai sana'ar POS a Zurmi duk suka biya kuɗin wannan gazawa.

Manhajojin gano ɓoyayyen saƙo alkawarin akasin haka suke yi: a bar layi a buɗe, na'ura ta tsince mugun saƙo ɗaya daga cikin dubbai. Sabon abin da ya ƙara wa batun nauyi shi ne masu maganar ba lallai ne su zama mutane ba. Wakilin ƙirƙirarriyar basira manhaja ce da ake ba aiki ta aiwatar da kanta: ta karanta saƙo, ta amsa, ta tura kuɗi, ta yi magana da wata manhajar irinta. Idan wakilai biyu suna musayar saƙo, wa zai tabbatar da cewa abin da ɗan Adam ke karantawa shi ne duk abin da suka faɗa wa juna? Mai sayen manhajar da za ta amsa wannan tambaya ba ya iya buɗe cikinta. Abin da ke hannunsa kawai shi ne kundin bayanin da maƙeranta suka rubuta, wato takardun da ke faɗin abin da take yi, yadda aka gwada ta, da inda ƙarfinta ya tsaya.

2.0 Zaurance da Saye

Masana tsaron kwamfuta suna raba ɓoyon saƙo gida biyu, kuma rabon ba baƙo ba ne ga manazarcin Hausa. Na farko shi ne a hargitsa saƙo yadda mai sauraro zai san ana ɓoye masa wani abu, amma ya kasa kwancewa. Wannan shi ne zaurance. Yarinyar da ta cusa baƙin "b" da wasali bayan kowace gaɓa, ta mayar da "gida" ya zama "gibidaba", ba ta ɓoye wa uwarta cewa tana sirri ba. Ma'anar kaɗai ta kulle. Na biyu shi ne a faɗi magana sarai, kowa ya ji ya fahimta, alhali akwai wata maganar kwance a ƙarƙashinta wadda sai wanda aka nufa zai ɗauka. Wannan shi ne saye, kuma habaici ɗan ɗakinsa ne. Makaɗan fada na wannan yanki, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, sun gina babban ɓangare na fasaharsu a kansa: a ambaci dabba ko wata siffa a bainar jama'a, fada duka ta san ɗan sarkin da ake nufi, baƙo kuwa ya tashi da cewa waƙar dabba ya ji. Marubutan ajami ma sun yi nasu da ramzi, inda shekarar da aka kammala waƙa ke ɓoye cikin haruffan wata kalma a baitin ƙarshe.

Abin da Turawa ke kira siteganogirafi shi ne wannan na biyun, kuma a nan za a kira shi sayen saƙo. Sunan ya samo asali daga littafin da Johannes Trithemius ya rubuta wajen 1499, aka buga shi a 1606. Siffarsa ta zamani kuwa Gustavus Simmons ne ya zana ta a 1983 da misalin fursunoni biyu da ke son shirya gudu, alhali duk wasiƙar da za su aika sai ta bi ta hannun gandiroba. Idan suka yi zaurance, gandiroba zai ga hargitsi ya hana wasiƙar wucewa. Mafitarsu ita ce saye. Manhajar da ake magana a kanta ita ce gandiroban.

A kan layin sadarwa, saye ba ya buƙatar kalma ko ɗaya. Bayanai suna tafiya ne a ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi da goshinsa mai ɗauke da lambobin adireshi da na jeri. Tun 1973 Butler Lampson ya ja hankali ga hanyoyin da bayani kan silale ta inda ba a gina domin shi ba. A 1997 Craig Rowland ya nuna yadda ake cusa haruffa cikin lambobin goshin ƙunshi. Daga baya Krzysztof Szczypiorski da Wojciech Mazurczyk na Jami'ar Fasaha ta Warso suka faɗaɗa fagen. Cikin dabarun da suka bayyana akwai wadda mai karɓa zai ƙi amsa cewa ƙunshi ya iso, da gangan, domin a sake aiko shi, sai na biyun ya zo ɗauke da sirrin. Akwai kuma saye ta hanyar lokaci: ɗan jinkiri ya zama ɗaya, rashin jinkiri ya zama sifili. A ɓangaren wakilan ƙirƙirarriyar basira, Sumeet Motwani da abokan aikinsa sun wallafa nazari a 2024 kan yiwuwar haɗin baki a asirce tsakaninsu, ta hanyar zaɓen kalmomi da jerinsu cikin rubutun da ido zai gani lafiya lau.

3.0 Mizanin da Gandiroba Ke Riƙe da Shi

Tun da saye ba ya da alamar da ke fitowa fili, gandiroba ba ya neman saƙon kansa. Abin da yake nema shi ne kaucewa daga al'ada. Ana ciyar da manhajar da tarin zirga-zirgar da aka yarda tsarkakakkiya ce, ta koyi yawan jinkirinta, yawan maimaicinta, irin kalmominta da haruffanta. Duk abin da ya yi nisa da wannan mizani sai ta buga ƙararrawa. Ashe ke nan tambaya ta farko da kundin bayani ya kamata ya amsa ita ce: al'adar wa?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Emily Bender da Batya Friedman a 2018 sun nemi duk mai gina manhajar harshe ya bayyana harshe da karin harshe da irin mutanen da aka ɗebo maganarsu. A shekarar kuma Timnit Gebru da abokan aikinta suka kawo shawarar takardar bayani ga kowane tarin bayanai, sannan a 2019 Margaret Mitchell da nata abokan aikin suka kawo irinta ga manhajar kanta, tare da sharaɗin a rarraba sakamakon gwaji rukuni-rukuni, kada a dunƙule shi a lamba ɗaya. Hikimar rarrabawar ta fito fili a 2023, lokacin da masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada manhajoji bakwai na gano rubutun na'ura. Fiye da rabin rubuce-rubucen Ingilishi na waɗanda Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare su an yanke musu hukuncin cewa na'ura ce ta rubuta, alhali na ɗaliban Amurka kusan duka sun tsira. A watan Yulin shekarar kamfanin OpenAI ya janye tasa manhajar saboda ƙarancin daidaito. Aikin waɗannan manhajoji ya bambanta da na gano saye, amma tushensu ɗaya ne: auna nisan rubutu daga abin da aka saba.

3.1 Harshe

A nan ne manazarcin Hausa ke da abin cewa wanda injiniya ba shi da shi. Hausar da ta fi yawa a tarin bayanan da ake koyar da na'ura da su ita ce Daidaitacciyar Hausa ta kafofin labarai da fassarori, sai kuma Hausar shafukan sada zumunta, irin wadda Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka tattara daga Twitter a aikin NaijaSenti na 2022. Mutumin Zurmi ba haka yake magana ba, kuma idan ya sake jiki ba haka yake rubutu ba. Yana cewa "yat tahi" inda Bakano zai ce "ya tafi", "munka" da "sunka" a madadin "muka" da "suka", "shina" a gurbin "yana", "biyat" a gurbin "biyar", "hwara" a gurbin "fara". Dirkarsa "na" da "ta" ce, ba "ne" da "ce" ba. Ga kuma Fulatanci da ke kutsowa cikin zance a kasuwannin yankin. Ga manhajar da mizaninta Hausar Kano ce, ninka baƙi a "yaz zo" da "yat tahi" da "yab bi" tsari ne mai maimaituwa da ba ta san dalilinsa ba, kuma tsari mai maimaituwa marar dalili shi ne ainihin abin da aka koya mata ta yi zargi. Wakilin da aka ɗora wa amsa saƙonnin mutanen yankin zai ɗauki maganarsu ya miƙa wa wani wakilin, don haka karin harshen zai shiga cikin zirga-zirgar da ake sa wa ido ko da na'urori ne ke magana.

Haruffa masu ƙugiya sun ƙara dagula lissafin. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin saye a rubutu shi ne musanya harafi da mai kama da shi daga wani tsarin rubutu, ko cusa haruffan da ido ba ya gani. A farkon 2024 an nuna yadda ake shigar wa manhajojin hira da umarni ta irin waɗannan haruffa. Saboda haka masu gano saye kan sa ido kan duk harafin da ya fita daga jerin na Ingilishi. To, ɓ da ɗ da ƙ duk a waje suke. Bahaushe kuma ba ya rubuta su iri ɗaya: wani ya sa ƙugiya, wani ya sa waƙafin sama kafin harafin ko bayansa, wani ya bar shi tsirara, kuma mutum ɗaya kan yi duka ukun a saƙo guda. Har da dalilin aljihu a ciki, domin ƙ ɗaya tak a gajeren saƙon waya kan sauya tsarin saƙon, ya rage haruffan da yake ɗauka daga 160 zuwa 70. Wanda bai san wannan ba, idan ya ga "ƙasa" a layin farko da "k'asa" a na biyu da "kasa" a na uku, yana da hujjar zaton ana ƙirga wani abu. Kundin da ya ce manhaja "tana aiki da harsuna da yawa" bai ce komai ba. Abin da ake bukata shi ne ya faɗi yadda take ɗaukar waɗannan siffofi uku, da ko tana daidaita su kafin ta auna.

Akwai maganin saye da Fabien Roger da Ryan Greenblatt suka gwada a 2023: a sa wata na'ura ta sake faɗin saƙon da kalmominta kafin a miƙa shi, yadda ma'ana za ta wuce, sirrin da ke cikin zaɓen kalmomi ya zube. Dabara ce mai kyau inda na'urar ta ƙware a harshen. A Zamfarci "ɗiya" na nufin 'ya mace, tana kuma nufin 'ya'ya. Idan aka rubuta ta ba ƙugiya, tazararta da "diyya" harafi ɗaya ne. A yankin da ake maganar kuɗin fansa kullum, na'urar da ta mayar da ɗiyar mutum diyya ba gyaran saƙo ta yi ba. Wajibi ne kundi ya faɗi ko manhajar kallo kawai take yi, ko tana taɓa saƙon.

3.2 Layi

Ɓangaren layin bai buƙatar dogon bayani. Jinkiri marar tsari, ɓacewar ƙunshi da sake aiko shi, su ne alamun da ake nema a saye na lokaci da na maimaici. Su ne kuma halin yau da kullum na layin da ke dogaro da turken sadarwa mai aiki da janareta, a wurin da kai masa mai ke da haɗari, ko a garin da ke kusa da iyaka inda waya kan yi tsalle tsakanin layin Nijeriya da na Nijar. Manhajar da aka gwada a ɗakin bincike mai layi santsi ba a gwada ta a Shinkafi ba, kuma kundinta ya kamata ya faɗi haka da kansa.

4.0 Lambar da Aka Fi Ɓoyewa

A 1999 Stefan Axelsson ya nuna cewa abin da ke iyakance amfanin manhajar gano kutse ba yawan abin da take kamawa ba ne, yawan kamun kuskurenta ne. Misali na lissafi zai fayyace. A ɗauka saƙonni 100,000 sun wuce, 10 daga ciki na ɗauke da saye. A ɗauka manhajar tana kama duka goman, tana kuma kuskure a kashi 1 cikin 100 na tsarkakan saƙonni. Za ta buga ƙararrawa kusan sau 1,010, kuma 1,000 daga ciki a kan marasa laifi. Wato idan ta nuna saƙo, yiwuwar a ce da gaske saye ne bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk da haka mai tallarta zai iya rubuta "daidaito kashi 99 cikin 100" bai yi ƙarya ba. Idan kuma karin harshe da raunin layi suka ɗaga kuskuren zuwa kashi 5, marasa laifin sun zama kusan 5,000.

A wani wurin, kamun kuskure ɓata lokacin ma'aikaci ne. A arewacin Zamfara kalmar "infoma" tana kashe mutum. A watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta sa hannu kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu kai musu bayanai, kuma tun kafin dokar zargi kaɗai ya sha jawo wa mutane hukuncin 'yan sa-kai ba tare da an je gaban alƙali ba. Bayan kowane wakilin na'ura akwai lambar waya ko asusun wani mutum. Takardar da ta fito daga kwamfuta ɗauke da sunan mutum da jan rubutu tana da kwarjinin da jita-jitar kasuwa ba ta da shi. Shi ya sa lafazin ƙararrawar kansa ɓangare ne na ingancin kundi. "An gano ɓoyayyen saƙo" hukunci ne. "Wannan zirga-zirga ta kauce wa mizanin da aka gwada, kuma mafi yawan irin wannan kaucewa ba saye ba ne" bayani ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi bisa aikin na'ura kaɗai. Kundi nagari zai faɗi matakin da ɗan Adam zai shiga, da irin ilimin harshen da ake bukata gare shi. Zai kuma zo da Hausa, domin wanda zai karanta ƙararrawar a Ƙaura Namoda ba shi ne injiniyan da ya karanta kundin Ingilishi a Abuja ba.

5.0 Sayen Mai Tsoro

Saura matsala ɗaya da lissafi ba ya warwarewa. A ɗauka manhajar ta yi daidai, ta kama saye na gaskiya. Na wa ta kama? Mutanen da ke zaune ƙarƙashin barazana su ne suka fi kowa saye. Ba a banza ake cewa "mutanen daji" ko "yaran daji" ba. Kama suna yana da farashi, kuma ba a san wanda ke sauraro ba. Mai gargaɗin ɗan'uwansa kada ya biyo wata hanya ranar kasuwa ba zai faɗa kai tsaye ba. Iyalin da ke haɗa kuɗin fansa suna magana a kaikaice domin gudun hukuma da maƙwabta gaba ɗaya. A misalin Simmons fursunoni ne masu laifi, gandiroba ne mai gaskiya. A hanyar Zurmi zuwa Ƙaura Namoda, sau da yawa mai sayen shi ne wanda ake farauta. Manhaja tana iya cewa akwai magana a ƙarƙashin magana. Ba ta iya cewa ta mugunta ce ko ta neman tsira. Kundin da bai rubuta wannan iyaka ɓaro-ɓaro ba, a sashen ayyukan da bai kamata a yi da manhajar ba, ya bar mai amfani da ita ya ɗauka duk saye laifi ne.

Wannan ya jefa masu nazarin Hausa cikin tsaka mai wuya. Gyaran mizani yana bukatar tarin Zamfarci na gaske, rubutacce da na baka, kuma sassan Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato su ne mafi kusa da wannan aiki. Amma tarin da ya ƙunshi kalmomin sayen da mutanen ƙauye ke kare kansu da su, idan aka wallafa shi a intanet kamar yadda aka saba da tarin bincike, ƙamus ne aka miƙa wa duk mai so, har da wanda ake ɓoye wa. Ƙa'idar da Auguste Kerckhoffs ya kafa a 1883 tana da amfani a nan: a bayyana tsari, a ɓoye mabuɗi. Nahawun karin harshen, siffofin haruffa, yawan saƙonnin da aka gwada, garuruwa da shekarun da aka tattara su, yardar masu maganar, da kamun kuskure na kowane rukuni, duk tsari ne, kuma wurinsu cikin kundi. Jerin kalmomin sayen kuwa mabuɗi ne. Kundin zai faɗi cewa akwai shi ko babu, ya faɗi hukumar da ke riƙe da shi da sharaɗin ganinsa, amma ba zai buga shi ba.